Mafarkin Aro

Tun ranar da Tabita ta ɗaura ɗankwalin matan aure ta tare a gidan su Onisim, tambaya ɗaya ce take bin ta duk inda ta sa ƙafa. A bakin shago, a hanyar kai madara, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, sai wata ta kama hannunta ta kashe murya ta ce, "To amarya, shi dai mun ji nasa. Ke kuma yaya Ubangiji ya kira ki?"

Na Onisim kam babu wanda bai haddace ba. Yana aikin gini a Italiya, abin duniya ya fara zama, sai kiran ya sauko masa a kan bene yana riƙe da bokitin siminti. Ya yi gardama, ya yi kuka, ya rame, daga ƙarshe ya ajiye aikin ya dawo gida ya ce shi aikin bishara zai tafi. Irin shaidar da mutanen ƙauyen nan namu suke so ke nan. Mu a wurinmu kira sai da hawaye. In mutum bai yi ta gudu ba kamar annabin nan da ya faɗa jirgin ruwa, in bai ƙaurace wa abinci ba, ko aƙalla ya yi mafarkin wani mai fararen kaya, to tsofaffin matan layin gaba a majami'a ko kai ba za su ɗaga ba, balle su ce amin.

Tabita ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Barcinta lafiya lau, ba ta taɓa jin murya ba sai ta surukarta. Abin da ya fi ba ta kunya ma shi ne tana son tafiyar, so na gaske, tun kafin ta san akwai wani Onisim a duniya. Tana 'yar makaranta wani mai bishara ya zo ya rataya farin zane a bangon majami'a ya haska musu hotunan inda yake aiki. Mutane suka yi ta share hawaye saboda talaucin da suka gani. Ita kuwa idonta na kan wasu mata da ke zaune a bakin kasuwa suna ƙyaƙyata dariya, tana ta mamakin me aka faɗa da ya ba su dariya haka. Yayyenta sun yi kwaɗayin Italiya da Sifen sun tafi, ita ta yi kwaɗayin ƙasar matan nan. A ganinta duk kwaɗayi ne, sunan ƙasar kawai ya bambanta, kuma ba a tsayawa gaban ikilisiya a ba da shaidar kwaɗayi.

To ga inda gizo yake saƙar. Makarantar horar da masu bishara da ke birni ba ta ɗaukar mai aure shi kaɗai. Sai sun aiko wani har gida ya zauna da matar ita kaɗai, ya ji daga bakinta. In bai gamsu ba, daga mijin har matar a gida za su zauna. Wato duk kukan da Onisim ya yi a Italiya, duk aikin da ya bari, yanzu a kan harshen Tabita suke rataye. Tun da ta gane haka dariyarta ta ɗauke. In ya tambaye ta abin da ke damunta, sai ta ce gajiyar yankan ciyawa ce.

Saveta, uwar Onisim, ba a yi mata irin wannan ƙaryar. Mace ce da ta binne miji ta raini 'ya'ya ita kaɗai, kuma ta ɗauka cewa duk abin da ya lalace a gidanta, in dai ta naɗe hannun riga, zai gyaru. Da safiyar ranar da ake jiran baƙuwar makaranta, tana tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, a tukunyar ƙarfe, ta aiki ɗanta tashar bas ya tarye ta. Sai da ta ji ƙarar ƙofar waje sannan ta juyo wurin Tabita.

"Ba ki da abin faɗa mata, ko?"

Tabita ta sunkuyar da kai. "Babu, Mama."

"Na sani. Fuskarki ta faɗa mini tun da daɗewa." Ta kife tuwon a kan faranti na katako, ta ɗauko zare tana yanka shi. "To saurara. Kafin bikinku na yi mafarki. Na gan ki a bakin wani babban kogi, kina riƙe da fitila, ruwan har ƙirji, kina haye shi, fitilar kuma ba ta mutu ba. A ɗaya gefen ga mutane tsaye suna jira. Na farka matashina sharkaf."

"Mafarki ne mai kyau, Mama."

"Ba yabo na ce ki yi ba. Na ba ki shi."

Tabita ta ɗago ido. "Ki ba ni?"

"Wa ke cikin mafarkin, ni ko ke? Ke ce. To naki ne, ni dai ta wurina ya biyo, kamar yadda mai kai saƙo yake kuskuren gida. Ba sai kin ce 'na yi' ba. Ki ce 'an nuna kogi', ki ce 'an ga fitila'. Ina ƙarya a nan?"

"Mama, ai Ubangiji ya san wanda ya yi barcin."

"Ya kuma san ɗana ya bar aikinsa dominsa." Saveta ta ajiye zaren. "Kina tsammani daɗi nake ji? Shi ne autana. In ya tafi, ni da shanu za a bari. Amma na ga yaron nan lokacin da yake gudun kiran, ba na so in sake ganinsa haka. Ci abinci. Kogi, fitila, mutane a tsallake. Ko akuya ta riƙe wannan."

Tabita ta ci, ba don ta ji ɗanɗanon tuwon ba. Tausayin tsohuwar ya kama ta, haushinta ma ya kama ta, kuma abin da ya fi tsorata ta shi ne mafarkin ya zauna mata daidai a baki.

Da a ce Saveta ce ke juya sama, da an karɓi baƙuwar a ɗakin gaba, inda aka shimfiɗa sabon zanen tebur aka jera kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Amma ingirici yana kwance a gangaren tudu ya bushe ƙayau, gajimare kuma ya fara taruwa a bayan dutse. A nan ko bishop ne ya zo ranar tara ingirici, sai dai ya ɗauki manjagara. Don haka da Onisim ya iso da baƙuwar, a gona suka tarar da su, Saveta tana jan ciyawa, Tabita tana tsaye gindin dogon itacen da aka kafa don a tara ingiricin kewaye da shi, tana tattake sahun farko.

Sora Veturia ce suka aiko, wato 'yar'uwa Veturia a harshenmu, wadda ta yi rabin rayuwarta a Madagaska. Tabita ta zaci za ta ga doguwar mace mai fuskar azumi. Sai ga wata 'yar guntuwar tsohuwa mai ɗingishi, tana haki, tana yi wa tudun faɗa kamar shi ya taso ya tare ta. Onisim yana biye da ita riƙe da jakarta, fuskarsa a murtuke, ko inda matarsa take bai kalla ba.

"Salamar Ubangiji," in ji tsohuwar. Ta dubi sama, ta dubi ingiricin. "Ku kuwa da wannan hadarin kuke tsaye kuna gaisuwa? Ɗana, ajiye jakar nan ka ɗauki sanda. Ke amarya, matsa mini."

"Sora, ƙafarki fa," in ji Saveta.

"Ƙafar ta hau abin da ya fi wannan. A kan tarin ingirici aka yaye ni, 'yar'uwa." Ta tuɓe takalma ta taka ciyawar. "An ce in gana da ita ita kaɗai. To ga wurin da ba mai laɓe a bayan ƙofa."

Saveta ta gane da ita ake, ta yi kamar ba ta ji ba.

Aka kama aiki. Onisim yana cako ingirici da sanda mai yatsu yana miƙowa, su biyun suna karɓa suna shimfiɗawa, suna zagaya itacen suna tattakewa, ɗaya na bin bayan ɗaya. Da farko Veturia ba ta tambayi komai ba sai shirme: shanu nawa suka rage a ƙauyen, wa ya ɗinka rigar amarya, har yanzu mai busa babban ƙaho a majami'a yana riga kowa gama waƙa? Duk lokacin da zagaye ya kawo Tabita gefen surukarta, sai Saveta ta matso da manjagara kamar tana gyara gefen tarin, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kogi."

Tarin ya wuce kan mutum. Ya kai inda sai Onisim ya yi ɗage yake iya miƙo ciyawa, daga nan ya koma doguwar sanda. Muryoyin ƙasa suka yi nisa. Saman kuma yana ta tsukewa, har ya zama in Tabita ta saki itacen, to hannun tsohuwar za ta kama.

"To, 'yata," in ji Veturia, ba ta daina tattakawa ba. "Ina jin ki."

Tabita ta kama itacen. Ta leƙa ƙasa ta hango ƙeyar mijinta, rana ta ƙona ta, gumi yana gangarowa. Ta ce a ranta, saboda shi ne.

"An nuna wani kogi," ta fara. "Babba. Da fitila a hannu..."

"A hannun wa?"

"A hannuna."

"Uhm. Ruwan da sanyi?"

Tabita ta daina tattakawa. Tambayar ba ta da wuya, ko wace amsa ta bayar za ta wuce. Amma sai ta ji in ta ce da sanyi, to ta shiga kogin ke nan da ƙafarta, kuma za ta yi ta haye shi a gaban kowace ikilisiya har ta tsufa, tana ƙara masa faɗi kowace shekara. Wata rana 'ya'yanta ma za su haddace shi.

"Ban sani ba, Sora. Ban shiga ba. Mafarkin Mama ne, ara mini ta yi." Hawaye suka zubo mata, ta kasa sharewa don hannuwanta biyu suna riƙe da itacen. "Ni ban taɓa mafarkin komai ba. Ban ji murya ba. Ban yi gudu ba, ban yi kuka ba, sai yau. Don Allah kada ku hana shi saboda ni. Shi nasa na gaske ne."

Ta jira tsawa. Sai ta ji itacen yana girgiza a hannunta, ta duba, ashe tsohuwar ce ta jingina da shi tana dariya har da riƙe ciki.

"Aro! Kai, mutanenmu! Na ga an ari tukunya, na ga an ari rigar biki, yau ga mafarki." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Bana kaɗai kogi nawa aka haye a gabana, ke dai bari. Wata ma teku ta kawo mini. Karɓi ciyawar nan, mijinki hannunsa zai tsinke."

Tabita ta karɓa ta shimfiɗa.

"Ba na raina mafarki," in ji Veturia, yanzu babu wasa a muryarta. "Ubangiji yana magana ta inda ya ga dama. Amma ba tattara mafarkai aka aiko ni ba. Na ga matan da aka ja su zuwa can kamar saniyar da za a kai kasuwa, bakinsu yana amin, ƙafarsu tana turjewa. Na ga yadda suka ƙare, su da mazan, ba kuma na so in ƙara gani. Abin da na hau tudun nan da gurguwar ƙafa in tambaya ke nan. Ke, kina son tafiya?"

Tun da aka fara maganar nan, daga fasto har masu sayar da madara, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Kunya ta rufe ta kamar an kama ta da hannu a tukunyar miya.

"Abin da ya fi muni ke nan, Sora. Ina so. Ina so ƙwarai. Kwaɗayi ne kawai."

"Kwaɗayin me? Albashi babu, ruwan famfo babu, zazzaɓi kuwa sai kin ture. Faɗa mini abin da kike kwaɗayi."

Sai Tabita ta ba ta labarin farin zanen nan da matan bakin kasuwa. Da ta fara, maganar ta ƙi tsayawa. Ta ce tana so ta zauna a cikinsu har ta iya harshensu, ba na gaisuwa kawai ba, har ta gane abin dariyarsu, har su yi mata tsiya ta rama. Tana so wata rana suna ɓarar wake ta ba su labarin Yesu yadda kakarta ta ba ta, ba a kan mumbari ba, a bakin murhu, in sun yi tambayar da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ta ce in ta tuna haka a wurin addu'a sai ta ji daɗi ya cika ta, daga nan sai ta roƙi gafara, don ta san kira ba ya zuwa da daɗi.

"Wa ya faɗa miki?"

"Kowa ya sani."

"Kowa na layin gaba." Veturia ta kama haɓarta da hannu mai kaushi. "Yarinya ƙarama ta ga baƙin mata a jikin zane, ta ƙaunace su, ta girma ba ta daina ba. Ke a ganinki wa ya dasa wannan? Shaiɗan ne yake rabon irinsa? Wani sai an fizgo shi daga kan bene don taurin kansa, wani kuwa tun yana ƙarami ake raɗa masa, ya taso da abin har ya zaci nasa ne. Ban ce so kaɗai ya isa ba. Makaranta za ta murza shi ta ga ko zai tsaya. Kuka kuwa kada ki damu, yana can yana jiran ki, naki na kanki, ba sai kin ara ba."

Tabita ta ja numfashi, ta ji ya wuce har ƙasan cikinta, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta zauna a kan ingiricin ta rungume itacen.

"To za ku ɗauke shi?"

"Ku biyun. Zan faɗa musu su sa ran mutum biyu da kaka. Sai dai akwai gyara a ƙasa." Tsohuwar ta nuna Onisim da haɓa. "Wancan dogon naki, ko gaisawa ba mu gama ba a tasha ya ce in koma in ce a cire sunanku. Wai tun da aka sa ranar zuwana matarsa ta daina dariya, ya gane ba ta son tafiyar, tana shiru ne don kada ta karya masa zuciya. Wai shi ba zai ja ki ba, in ya so ya koma gini, Ubangiji ya san dalili. Na ce masa ya riƙe mini jaka ya rufe baki."

Tabita ta leƙa. Yana tsaye ya dogara da sanda, kansa a ƙasa, kamar mai jiran a karanta masa hukunci. Ashe duk kwanakin nan da take shirin yin ƙarya dominsa, shi yana shirin ajiye kiransa dominta, suna kwana ɗaki ɗaya kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye. Ƙaunarsa ta kama ta, haushinsa ma ya kama ta. Ta miƙe tsaye a kan tarin, ta manta ita amarya ce, ta manta akwai maƙwabta a gonakin gefe.

"Onisim!"

Ya ɗago a firgice.

"Ina so! Ka ji? Ina son tafiyar! Wa ya aike ka ka cire mini suna?"

Muryar ta gangara kwari ta dawo. Masu tara ingirici a tsallaken rafi suka tsaya da manjagara a hannu. Saveta ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu mai ceto, a gaban baƙuwa!" Sannan ta ɗaga murya, "Sora, ta faɗa miki na kogin?"

"Ta faɗa, 'yar'uwa," in ji Veturia daga sama. "Ta ce a mayar miki da kayanki, an gode."

Saveta ta dubi saman tarin. Can ta juya musu baya ta hau jan ciyawar da ta riga ta ja, tana share fuska da gefen hannu, tana gunaguni a kan yaran zamani da ba a iya yi musu alheri.

Suka ɗaure kan tarin. Onisim ya jingina wani dogon itace ya danne gindinsa da ƙafa, aka fara sauko da tsohuwar, tana yi masa kashedin in ya sake ta zai yi bayani a birni. Sannan Tabita ta zamo, ya cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba. Ya riƙe ta bai sake ba.

"Da gaske kike, ko don ni?"

"Da gaske."

"Tun yaushe?"

"Tun kana yawo da gajeren wando kana satar tuffa a gonar fasto."

Ya dube ta, ya sake dubanta, kamar yau aka kawo masa ita. "To me ya hana ki faɗa mini? Na yi ta roƙon Ubangiji ya ba ki zuciyar bi na."

"Bin ka?" Ta cire masa wani tsinken ciyawa daga gashi. "Malam, ai kai ka zo daga baya. A hanya ka tarar da ni."

Onisim ya zauna daɓas a gindin tarin, ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna ta girgiza, ba ta san ko dariya yake ko kuka ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta zauna kusa da shi ta jira ya gama.